Hilux mai injin 22R tana zafi a doguwar hanya duk da an cire tamostat

Mai Hilux, Saminaka:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da ke wannan zaure game da motata, Toyota Hilux ƙirar 1992 mai injin fetur 22R, wadda nake dakon masara da ita daga Saminaka zuwa Jos, wani lokaci kuma zuwa kasuwar Dawanau a Kano. Tun shigowar bazara injin ke zafi, kuma matsalar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Da safe, ko a cikin gari idan babu kaya, allurar zafi tana zama ƙasa da rabi. Amma da zarar na yi lodi na hau babban titi da rana, na kai gudun kilomita 80 a awa, sai allurar ta fara hawa sannu a hankali har ta kusa jan layi, kuma abin ya fi muni a hawan da ake yi bayan an wuce Jengre an nufi Jos. Idan na sauka gefen hanya na bar injin yana silo, takan sauko kaɗan-kaɗan. Ruwa kuma yana raguwa, domin ina ganin yana tsiyaya ta ƙaramin tiyon da ke wuyan lagireto bayan na kashe mota.

Ya zuwa yanzu an cire tamostat gaba ɗaya, wato 'yar ƙofar da ke tare ruwa daga zuwa lagireto har sai inji ya ɗumama, an sa sabon famfon ruwa, an wanke lagireto da tiyo a wurin wankin mota, sannan an canza gasket ɗin kan inji, wato shimfiɗar da ke like tsakanin kan injin da gangarsa. Bakanikena yana cewa abin da ya rage shi ne a sayo wani kan silinda, wato kan injin, na Beljiyam, ko ma a sauke injin duka. Kafin in zuba wannan kuɗi ina so in ji ta bakinku.

Direban Tasha:
Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo sauƙi. Cire tamostat da aka yi daidai ne, domin an yi shi ne saboda ƙasashen da ƙanƙara ke zuba, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yana wuce digiri 40. Abin da ya rage maka shi ne ka sa a ɗaure fankar dairek, ta riƙa juyawa tare da inji ba tare da wani kulocin da ke kama ta yana sakin ta ba. Haka yawancin motocin tasharmu suke, kuma suna aiki.

Injiniya, Zariya:
Wa alaikumus salam. Malam mai mota, ina roƙonka kada ka sayi kan silinda tukuna, kada kuma ka ɗaure fanka tukuna, domin bayanin da ka yi ya riga ya nuna inda ya kamata a fara dubawa, kuma ba waɗannan wurare ba ne.

Zafin inji iri-iri ne, kuma lokacin da yake tasowa shi ne babbar shaida. Motar da ke zafi a cunkoso ko a tsaye, amma ta huce da zarar ta samu hanya, iska ce ba ta isa ga lagireto, saboda haka fanka, ko bel, ko robar da ke kewaye da fanka ake tuhuma. Motar da ke lafiya a gari amma take zafi a guje ko ɗauke da kaya, kamar taka, tana nuna cewa zafin da injin ke fitarwa a lokacin aiki mai nauyi ya fi ƙarfin abin da lagireto zai iya zubarwa. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin fetur ɗin da inji ya ƙona yana bi ta ruwa ne ya fita ta lagireto. A silo fetur kaɗan ake ƙonawa, don haka ko lagireton da rabinsa ya toshe zai iya ɗauka, amma a hawan Jos da buhunan masara a baya fetur ɗin da ake ƙonawa ya ninka sau da yawa, a nan ne gazawar ke bayyana. A gudun kilomita 80 kuwa iskar da ke shigowa ta gaban mota ta wadatar, fanka ba ta da wani babban aiki a wannan lokaci, shi ya sa ɗaure ta ba zai warware zafin babban titi ba.

Ina da tambayoyi. Wane ruwa kake zubawa a lagireto? Yaushe rabon a canza murfinsa? Kana ganin farin hayaƙi a salansa bayan inji ya ɗumama? Kuma yaya launin baƙin mai yake a jikin ma'auninsa?

Mai Hilux, Saminaka:
Na gode, Injiniya. Ruwan rijiya ko na burtsatse nake zubawa, duk wanda na samu a hanya. Murfin lagireto kuwa tun da na sayi motar shi ne a kai. Babu farin hayaƙi, baƙin mai kuma launinsa bai sauya ba, babu alamar ya gauraya da ruwa.

Mai Lagireto, Kano:
Assalamu alaikum. Gyaran lagireto ne sana'ata, kuma zan yi magana a kan wankin da aka ce an yi. Zura tiyo ta bakin sama ruwa ya fito ta ƙasa ba ya nuna cewa lagireto a buɗe yake. Cikinsa ƙananan bututu ne jere da juna masu yawa, kuma ruwa yana bin wanda ya samu a buɗe ya wuce, ya bar toshassun yadda suke. Mai wanki zai ga ruwa yana fita garau ya ce an gama, alhali bai taɓa dattin ba.

Abin da ke toshe su shi ne wannan ruwan rijiya da Malam ya ambata. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana ɗauke da sinadarin farar ƙasa, idan ya yi zafi sai ya daskare ya manne, kamar farin ɓawon nan da ake gani a cikin butar mai shayi da ta daɗe a kan wuta. Ga kuma tsatsa, domin gangar injin 22R ta baƙin ƙarfe ce, kanta kuma na alminiyum, ruwa zalla kuwa yana cin dukansu biyu. Duk lokacin da ruwa ya zube aka ƙara sabo, an ƙara sabon datti ke nan. Idan na narke darma na ɗaga tankin sama na irin wannan lagireto, abin da nake tararwa shi ne bakin bututun ya cika da jan laka mai tauri, wani wurin kuma fari fat, har sai an sa siririn ƙarfe an zura a kowane bututu ɗaya bayan ɗaya. Sau da yawa kuma nakan tarar wani mai gyara a baya ya matse bututun da suka huje ya like su da darma, wato ya kashe su ke nan har abada, mai mota bai sani ba.

Ga gwajin da ba ya cin ko kwabo. Ka yi tafiya har inji ya yi zafi, ka kashe shi, ka cire makulli ka sa a aljihu, sannan ka shafa bayan hannunka a fuskar lagireto daga gefe zuwa gefe, a hankali don kada ka ƙone. Mai lafiya zafinsa yana raguwa ne daga sama zuwa ƙasa bai ɗaya. Idan ka ji wani yanki, musamman tsakiya, da sanyi alhali gefensa na ƙuna, to ruwa ba ya bi ta nan. Ka kuma haska tocila ta baya ka duba ta gaba, domin mai dakon masara ba ya rasa ƙaiƙayi da ƙwari a tsakanin haƙoran lagireto.

Direban Tasha:
Ban ƙi maganar lagireto ba, Oga. Amma a kan tamostat ina nan a kan bakana. Ƙofa ce da ke tare ruwa, ta yaya cire ta zai zama illa ga injin da ke fama da zafi?

Ɗalibin Kanikanci:
Ni kuma abin da na ji a gareji shi ne, idan aka cire tamostat ruwa yana gudu da sauri ƙwarai, har ba ya samun lokacin hucewa a cikin lagireto, shi ya sa injin ke ƙara zafi. Ko haka ne, Injiniya?

Injiniya, Zariya:
Dukanku biyu akwai gyara a maganarku, kuma zan ɗan tsawaita domin wannan batu ya janyo wa mutane asara mai yawa.

Ƙanena ɗalibi, wannan bayani ya yaɗu amma ba daidai ba ne. Ruwan da ya wuce lagireto da sauri yana zubar da zafi kaɗan a kowane zagaye, amma yana yin zagaye da yawa, saboda haka saurin ruwa shi kaɗai ba ya hana sanyaya inji. Illar da ake gani tana da wani dalili. Ƙuncin da tamostat ke kawowa a mafitar ruwa yana sa famfo ya tara matsi a cikin gangar inji da kanta, wannan matsi kuwa yana hana ruwa tafasa a wuraren da suka fi ƙuna, kamar kewayen bawul ɗin fitar hayaƙi. A wasu injuna kuma tamostat ne ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya je lagireto ba, idan babu shi wani kaso na ruwan zai yi ta kewaya a ciki yana ƙara zafi.

Malam direba, tamostat mai lafiya yana fara buɗewa ne a digiri 82 ko 88, gwargwadon wanda aka sa, kuma kafin injin ya kai zafin da muke tsoro ya riga ya buɗe gaba ɗaya. Ke nan a lokacin da allura ke kusantar ja, mota mai tamostat da marar shi duk ƙofarsu a buɗe take, kuma iyakar abin da za su iya zubarwa shi ne iyakar ƙarfin lagiretonsu. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto bututu ko ɗaya. Abin da yake yi shi ne ya sa injin ya fara tafiya da sanyi, ya jinkirta hawan allura, mai mota ya zaci an samu sauƙi. Shaida kuwa ga ta a gabanmu, motar Malam ba ta da tamostat kuma ba ta daina zafi ba. Sannan akwai hasarar da ba a gani nan take. Da sanyin hunturu, musamman a Jos, injin da ba ya kai zafin aikinsa yana shan fetur da yawa, ɗanyen fetur yana wanke mai daga bangon silinda ya gangara cikin baƙin mai, ringi da silinda su riƙa cinyewa kafin lokacinsu. Gaskiyar da ke cikin maganarka ita ce tamostat yana iya maƙalewa a rufe, kuma jabu sun cika kasuwa. Maganin wannan shi ne a gwada shi. A rataya shi da zare a tukunyar ruwa a kan wuta, a ga ya buɗe sosai kafin ruwan ya tafasa, ya kuma rufe da kansa idan ya huce.

Sai batun murfi, wanda ni a ganina shi ne dalilin zubar ruwan. Murfin lagireto ba marufi ne kawai ba, yana da sifirin da ke riƙe matsi, kuma na irin wannan mota za ka ga an rubuta 0.9 a kansa. Ruwa a buɗe yana tafasa a digiri 100 a gaɓar teku, a Jos kuwa da ke kan tudun kimanin mita 1,200 yana tafasa a wajen digiri 96. Da murfi mai lafiya sai ya kai wajen digiri 118 kafin ya tafasa. Murfin da robarsa ta tsage ko sifirinsa ya saki ya kwashe maka wannan rata duka, kuma da zarar ruwa ya fara tafasa famfo ba ya iya tura tururi yadda yake tura ruwa.

Baban Gareji, Kaduna:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, Allah ya ƙara basira. Sai dai ni ba zan wanke kan injin da wuri haka ba. Ɗana mai mota, ka ce an canza gasket. Shin da aka ɗaga kan, an ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe an auna ko ya lanƙwashe? Kan 22R na alminiyum ne, kuma injin da ya sha zafi sau da dama kansa yakan bauɗe. Iyakar da aka yarda da ita ita ce milimita 0.15, idan ya wuce haka sai an kai shi an goge fuskarsa, in ba haka ba sabon gasket ba zai daɗe ba. Ƙusoshinsa kuma da ma'aunin ɗauri ake ɗaure su, daga tsakiya zuwa waje, a matakai, har su kai 78 a ma'aunin Nm. Yawancin yaranmu da ƙarfin damtse suke ɗaurewa.

Rashin farin hayaƙi da tsabtar baƙin mai ba su isa hujja ba, domin gasket yana iya buɗewa ta yadda hayaƙin silinda zai riƙa shiga ruwa kawai, ruwa bai shiga mai ba. Irin wannan ma ya fi nuna kansa ne a lokacin da inji ke jan kaya, ya kuma tura ruwa waje ta ƙaramin tiyo, daidai da abin da ka kwatanta. Ka yi haka da safe kafin ka tayar da mota. Ka buɗe murfi, ka cika ruwa har wuya, ka tayar, ka tsaya kana kallo. Kumfa ɗaya ko biyu a farko iska ce ke fita, ba komai. Amma idan ƙananan kumfa suka ci gaba da tasowa ba yankewa, suna ƙaruwa idan an taka totur, to hayaƙi ne. Haka kuma idan ka mayar da murfi, tiyon sama ya yi tauri cikin minti ɗaya ko biyu alhali injin bai ɗumama ba. Wasu garejin suna da kwalbar gwaji mai shuɗin ruwa da ake ɗorawa a wuyan lagireto, idan akwai hayaƙi sai ruwan ya koma rawaya. Ka kuma sa a kwance filogi huɗun a jera su, wanda ya fita fes fiye da 'yan'uwansa ruwa ne ke wanke shi. Idan za a auna matsin silinda, kada ya gaza 142 a ma'aunin psi, kuma bambancin da ke tsakaninsu kada ya wuce 14.

Wani abu kuma da ya keɓanta da wannan inji, tun da muna kansa. Sarƙar taimin ɗinsa tana gudu ne a kan madogarai na roba, idan suka karye sai sarƙar ta riƙa gugar murfin gaba na alminiyum har ta huda shi ta kai ga hanyar ruwa. Ruwa ya zuba cikin baƙin mai, a zaci gasket ne, a canza, matsala ta dawo. Tun da manka garau yake ba ka kai nan ba, amma idan kana jin ƙarar sarƙa da safe a farkon tayarwa, kada ka yi sakaci da ita.

Injiniya, Zariya:
Na yarda da Baba ɗari bisa ɗari cewa a yi gwajin kumfa kafin komai, domin idan hayaƙi na shiga ruwa, sabon lagireto ma ba zai tsare ba. Abin da nake ƙi shi ne a sayi kan silinda bisa zato. Zan ƙara abubuwa biyu masu sauƙi. A duba taimin ɗin wuta da fitilar taimin, domin an taɓa distirbuta lokacin da aka ɗaga kan inji, kuma wutar da ta yi latti tana sa inji zafi da rashin ƙarfi a hawa. A kuma sa wani ya taka totur bayan inji ya yi zafi ana kallon tiyon ƙasa, idan ya tsufa ya yi laushi famfo yana iya tsotse shi ya lotse ya tare ruwa, kuma lagireton da ya toshe yana ƙara haddasa hakan.

Direban Agadas:
Gaisuwa ga dattawan zaure. Mu da ke bin hanyar Dirku da irin waɗannan motoci, a yashi muke tafiya da ƙaramar giya, inji na kuka mota ba ta gudu, saboda haka rayuwarmu a kan fanka take. Ina so in ce wa Injiniya, ranka ya daɗe, maganarka a kan gudun kilomita 80 gaskiya ce, amma mai mota ya ce abin ya fi muni a hawa. Mota mai lodi a kan hawa tana giya ta biyu ne ko ta uku, iskar gaba ta ragu, a nan fanka ce ke aiki. Kulocin fankar Hilux yana da man silikon a ciki, idan ya kama za ka ji fankar tana gurnani sosai daga cikin mota. Malam mai Hilux, kana jin wannan gurnani a hawan Jos? Idan ba ka ji, ka kashe inji yana da zafi ka juya fankar da hannu. Idan ta yi ta juyawa sakaka babu turjiya, ko ka ga mai da ƙura sun manne a jikin kulocin, ya mutu. Sannan ka tabbata robar da ke kewaye da fanka tana nan, domin bakanikai da dama suna cire ta su jefar, fanka kuwa in babu ita iskar gefe take ja maimakon ta cikin lagireto.

Mai Hilux, Saminaka:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga abin da na samu. Gwajin kumfa da safe bai nuna komai ba, ruwan ya zauna lafiya ko da an taka totur, tiyon sama bai yi tauri da wuri ba, filogi huɗun kuma launinsu ɗaya. Taimin an duba, yana daidai. Robar murfin lagireto ta tsattsage ta bushe. Da na shafa lagireto bayan tafiya, gefe biyun ba a iya barin hannu a kansu, amma tsakiya, daidai gaban fanka, ɗumi kawai na ji. Gurnanin fanka kuwa ba na jin sa a hawa, sai dai da safe na ɗan lokaci idan na tayar. Robar kewayen fanka tana nan. Ke nan kulocin ma ya mutu?

Mai Lagireto, Kano:
Kada ka yi saurin yanke masa hukunci, Malam, domin abin da ka gano ya haɗa maganar Injiniya da ta ɗan'uwanmu na Agadas wuri guda. A fuskar kulocin fanka akwai wani lanƙwasasshen sifirin ƙarfe, shi ne hancinsa. Ba zafin ruwa yake ji ba, zafin iskar da ta ratso lagireto ta bugo shi yake ji, idan iskar ta yi zafi sai ya buɗe wa man silikon hanya fankar ta kama. To kulocin yana zaune ne daidai bayan tsakiyar lagireto, inda ka ce ka ji ɗumi kawai. Ruwan zafi ba ya bi ta nan, iskar da ke isa gare shi ba ta da zafi, saboda haka a wurinsa injin lafiya yake, alhali allura tana ja. Gurnanin da kake ji da safe alama ce mai kyau cewa akwai sauran mai a cikinsa. Ka fara gyara lagireto, sannan ka saurari fankar.

Idan lagiretonka na jan ƙarfe ne mai tankin tagulla, ana iya buɗe shi a zura bututun a mayar. Ka tsaya a wurin da kanka ka ga an ɗaga tankin, ka ƙirga bututun da aka kashe a baya. Idan suna da yawa, ko haƙoran sun ruɓe suna marmashewa da an taɓa, kada ka ɓata kuɗinka, ka sa sabon ciki ko ka sayi wani mai layi uku. Kafin a mayar da shi a wanke gangar injin sosai har ruwa ya fito garau, in ba haka ba tsatsar da ke ciki za ta sake cika shi. Kuma don Allah kada wani ya ba ka shawarar zuba garin sabulu, ko ƙwai, ko garin taba a ciki.

Direban Tasha:
To ai ko a wannan bayani, da fankar a ɗaure take dairek da ba ta jira wani sifirin ba.

Injiniya, Zariya:
Gaskiya ne, da ta taimaka a hawa, kuma a matsayin dabarar isa gida idan kuloci ya mutu a daji ban ga laifinta ba. Amma da ba ta buɗe bututun da suka toshe ba, zafin babban titi yana nan. Fankar da aka ɗaure kuma tana bin gudun inji ko ana bukatarta ko ba a bukata, tana cin ƙarfi da fetur, tana wahalar da bel da boris ɗin famfon ruwa, kuma fukafukan roba da suka tsufa suna iya tsinkewa a babban gudu su huda lagireto.

Mai Hilux, Saminaka:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani kamar yadda ya kamata. An ɗaga tankin sama a gabana, bututun tsakiya duk sun cushe da jan laka, ƙarfen zurawa ma ya ƙi shiga wasu, ga kuma jeri guda da aka taɓa matsewa aka like da darma. Mai gyaran ya ce cikin bai cancanci wahala ba, sai aka sa sabo mai layi uku. An wanke gangar inji, an sa sabon murfi mai lamba 0.9, an canza tiyon ƙasa domin ya yi laushi, an kuma mayar da tamostat mai digiri 82 bayan na gwada shi a tukunya na ga ya buɗe. Na yi lodi na hau Jos da tsakar rana. Allura ta hau zuwa rabi ta tsaya, a tsakiyar hawa na ji fankar ta kama da gurnani, bayan ɗan lokaci ta saki. Ruwa bai ragu ba. Kan silinda dai ban saya ba. Tambayata ta ƙarshe ita ce, wane ruwa zan riƙa zubawa, tun da a yanzu ruwan leda ne a ciki?

Baban Gareji, Kaduna:
Alhamdu lillahi, ɗana. Duk da haka ka maimaita gwajin kumfa nan da ɗan lokaci, tun da ba a auna kan ba sa'ad da aka ɗaga shi, kuma ya sha zafi bayan an sa gasket ɗin. Ka riƙa duba ruwa da safe kafin tayarwa. Idan wata rana allura ta sake hawa, kada ka buɗe murfi inji na zafi, domin tafasasshen ruwan da ke ƙarƙashin matsi yana feshowa fuska da hannu, kada kuma ka kwara ruwan sanyi a kan injin.

Injiniya, Zariya:
Madalla, Malam. Ruwan leda an tace shi ne don sha, ba lallai ne a ce an cire masa sinadarin farar ƙasa ba, don haka kada ya daɗe a ciki. Ka nemi ruwan sanyaya inji na gaske, ka karanta jikin jarkar. Idan an rubuta an riga an gauraya, ka zuba shi yadda yake. Idan mai kauri ne, ka haɗa shi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, amma ka tabbata ba mai asid ba ne. Injin yana cin kimanin lita 8. A yanayinmu ba daskarewa muke gudu ba, kuma ruwa zalla ya fi gaurayayye ɗaukar zafi, saboda haka kashi ɗaya na maganin da kashi biyu na ruwa ya isa ya hana tsatsa, kada dai ka yi ƙasa da haka. Ka kula da waɗanda ake sayarwa da araha, wasunsu launi ne kawai aka zuba a ruwa. Lokacin zubawa ka bar murfi a buɗe inji yana silo har tamostat ya buɗe iska ta fita, ka cika, sannan ka zuba a ƙaramar robar ajiya zuwa layinta, ka kuma tabbata tiyonta bai tsage ba domin ta nan ruwa ke komawa idan inji ya huce. Irin koren nan na gargajiya ana canza shi duk bayan shekara 2. Wanda ka juye kuma kada ka bar shi a buɗaɗɗen mazubi, yana da zaƙi kuma guba ne ga yara da dabbobi.